Neman shawara: 'yar alamar mainos ta kunyata ni a gaban 'yata

Maman Hanan, Makka

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Don Allah masu lissafin cikinmu ku agaza min, yau na ji kunyar da na daɗe ban ji irinta ba. Hanan tana aji uku na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare a nan Saudiyya, ranar Lahadi suna da ikhtibar, wato jarrabawa, a kan abin da suke kira usus saliba. Da na leƙa littafin sai na ga ashe indisis ɗinmu ne na sakandare, wato fawa, 'yar ƙaramar lambar nan da ke saman harafi, mai mainos a gabanta. Na ce mata miƙo nan, mu da muka zana WAEC tun 2004 ai mun wuce wurin. Na zauna na yi mata wajib ɗin jiya, wato aikin gida, da hannuna. Yau ta dawo da shi, abla, wato malamarsu, ta bi uku cikin biyar da jan biro. Yarinyar nan ko uffan ba ta ce ba, ta ɗora min littafin a cinya ta shige ɗaki. Da ma tsiwa ta yi min, da ya fi min sauƙi.

Ga ukun nan. Na mayar da س da ص ɗinsu x da y don kowa ya gane.

Na ɗaya: 6x⁻²y³ bisa 3x⁴y⁻¹. Na samu 2y² bisa x⁶.
Na biyu: (2x⁻³y²)⁻². Na samu −4x⁶ bisa y⁴.
Na uku: 5x⁻². Na rubuta 1 bisa 5x².

Amsa kam ko a waya zan samu. Abin da nake so shi ne in san inda na kauce, in kuma san yadda zan zaunar da ita in yi mata bayani kafin Lahadi. Babanta sai ƙarfe ɗayan dare yake dawowa daga aiki, shi ma da na tura masa hoton cewa ya yi in kawo zaure.

Baban Khalil, Jidda

Wa alaikumus salam Hajiya. Abin ba wuya. Duk inda kika ga mainos a fawa, kai shi ƙasa, mainos ɗin ya tafi abinsa. Haka malaminmu ya koya mana a Gusau, kuma da shi na ci jarrabawa.

Ustaz Abu Usama, Madina

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baban Khalil ka yi haƙuri, wannan "kai shi ƙasa" ɗin shi ya jefa Hajiya rami a tambaya ta uku. Wa za a kai ƙasan? In kuma da ma a ƙasan yake, kamar y⁻¹ na tambayar farko, ina za a kai shi?

Hajiya, ni ɗan Mai Wurno ne, na daɗe ina koyar da riyadiyyat, wato lissafi, a ƙasar Sinnar ta Sudan kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya kawo mu nan. Kurakuran nan uku na gan su ya fi a ƙirga, a hannun yara da manya. Kafin ki taɓa x, ɗauki takarda ki jera wa Hanan wannan, daga sama zuwa ƙasa:

2³ = 8
2² = 4
2¹ = 2

Ki tambaye ta, duk matakin da muka sauka me ke samun amsar? Za ta ce rabawa biyu ake yi. To ki miƙa mata biron ta ci gaba, kar ki faɗa mata komai. Rabin 2 ɗaya ne, ga 2⁰ = 1 ya fito da kansa. Rabin ɗaya ½, shi ne 2⁻¹. Rabin rabi ¼, shi ne 2⁻². Sai ⅛, shi ne 2⁻³. Fawar ta gangara ƙasa da sifili, amma amsar ba ta taɓa ɗaukar mainos ba. Kamar burodi ne ake ta gutsurawa biyu biyu: gutsuren na ƙanƙancewa, amma ba ya komawa bashi.

A nan tambayarki ta biyu ta karye. Kin ga 2⁻² kin ce −4, wato kin ɗauko mainos ɗin daga sama kin ajiye shi a gaban lambar. 2⁻² ɗaya bisa huɗu ne. Mainos ɗin da ke jikin fawa aikinsa guda, cewa yake a juya: a⁻ⁿ daidai yake da 1 bisa aⁿ, muddin a ba sifili ba ne, don ba a raba abu da sifili.

In ta ce wa ya yanke cewa haka ne, kuma yara masu kai suna tambaya, ki nuna mata x² bisa x⁵. A rubuce, x biyu a sama, x biyar a ƙasa. Ki soke biyu da biyu, saura x uku a ƙasa, wato 1 bisa x³. Yanzu ki sake yi da dokar rabawa, wadda ta ce in harafin ɗaya ne a ɗebe fawar ƙasa daga ta sama: 2 − 5 = −3, wato x⁻³. Tambaya ɗaya ba ta da amsa biyu, don haka dole x⁻³ ya zama 1 bisa x³.

Umm Rayan, Makka

Ustaz Allah ya ƙara ilimi. Ni da kuɗi na koya wa nawa, don 'ya'yan shago ne, da kuɗi suke ganewa. Takardar riyal 100 ita ce 10². Takardar riyal 10 ita ce 10¹. Riyal ɗaya 10⁰. Halala goma 10⁻¹, halala ɗaya 10⁻², tunda halala ɗari ke yin riyal. Na ce wa Rayan, mai halala ɗaya a aljihu talaka ne, amma ba wanda ke bin sa bashi. Tun ranar bai sake sa min mainos a gaban amsa ba.

Maman Hanan, Makka

Innalillahi, wato −4 ɗin nan ni na ƙirƙiro shi. Na gane na biyun Ustaz. Amma na ɗaya fa? Na raba 6 da 3 na samu 2. Na x ɗin na yi −2 − 4 na samu −6, na sauke shi ƙasa. Na y na yi 3 − 1 na samu 2. Har yanzu ban ga laifina ba.

Ustaz Abu Usama, Madina

Na x ɗin tamam ne. Laifin yana wurin y. Sake duba na ƙasan, Hajiya: fawarsa −1 ce. Ke kin ga mainos guda ɗaya kin sa shi ya yi aiki biyu, ya zama na ɗebewa ya kuma zama na fawar. Ai mainos biyu ne a wurin. Abin da za ki rubuta shi ne 3 − (−1), kuma wannan 4 ne. Mutum yana da riyal huɗu a aljihu ana bin sa ɗaya, abin da ya mallaka uku ne. Mai bashi ya ce na yafe, an ɗebe masa −1 ke nan, ya koma huɗu. Amsar ita ce 2y⁴ bisa x⁶. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa.

Ni dai a aji ban cika barin yara su bi ta wannan hanyar ba, don a mainos biyun nan rabin aji ke zubewa. Cewa nake a fara share gida. Duk harafin da fawarsa ke da mainos ya tsallake layi, mainos ɗin ya faɗi. Na sama ya sauko, na ƙasa ya hau. To x⁻² yana sama, ya sauko ya zama x². Shi kuma y⁻¹ yana ƙasa, ya hau ya zama y. Yanzu sama akwai 6, y³ da y. Ƙasa akwai 3, x⁴ da x². Ba sauran mainos ko ɗaya. Sai dokar ninkawa, wadda ta ce in harafin ɗaya ne a tara fawa: y³ sau y ya ba da y⁴, x⁴ sau x² ya ba da x⁶, 6 bisa 3 kuma 2. Ga 2y⁴ bisa x⁶ ba tare da an ɗebe komai ba. Ki tuna mata y tsura fawarsa 1 ce, ba a dai rubutawa ne. Yara da yawa sifili suke ɗaukar ta.

Na ukun, 5x⁻². Hular nan, wato fawar −2, a kan x take, 5 kansa a buɗe yake. Wanda ke sanye da hular shi kaɗai zai sauka: 5 bisa x². Da an so 5 ya bi shi, da an sa su a baka ɗaya, (5x)⁻², kuma a nan ma amsar 1 bisa 25x² ce, don fawar za ta hau kan biyar ɗin ita ma. Kin ga abin da kika rubuta bai dace da ko ɗaya cikinsu ba: kin sauke 5 amma ba ki ninka shi ba.

Bari in ƙarasa miki na biyun gaba ɗaya. (2x⁻³y²)⁻². Baka kamar rumfa ce, duk wanda ke ƙarƙashinta −2 ɗin nan ya shafe shi, har da lambar. Fawa a kan fawa kuma ninkawa ake yi. 2 ya zama 2⁻². Na x, −3 sau −2, ya ba da 6. Na y, 2 sau −2, ya ba da −4. Wato 2⁻²x⁶y⁻⁴. Masu mainos biyu su sauka, amsar x⁶ bisa 4y⁴. Haruffan duk kin same su daidai, lambar ce kawai ta ci ki. In tana son hanyar da ta fi taushi, ta gyara cikin bakan tukuna ya zama 2y² bisa x³, ta kifa shi saboda mainos ɗin waje ya zama x³ bisa 2y², sannan ta ninka sama da kansa, ƙasa da kansa. Wuri ɗaya za ta fito.

Baban Khalil, Jidda

To ai maganata ce Ustaz, ka dai ƙara mata gishiri da magi. Na karɓi gyara a kan na ƙasa ya hau, wannan kam malaminmu ya faɗa ni ne na manta. Hajiya ga wata dabara kyauta: in kin gama, sa 1 a madadin x da y a tambayar da amsar, in sun zo ɗaya kin ci.

Ustaz Abu Usama, Madina

Dabarar mai kyau ce, lambar ce ba ta yi ba. Ɗaya munafuki ne a wannan babin, ko wace fawa ka ɗora masa ɗaya zai ba ka. Gwada da amsar Hajiya ta farko mara kyau, 2y² bisa x⁶: sa 1 da 1, ka samu 2. Tambayar ma 2 za ta ba ka. Sai ka tafi da murna alhali ka faɗi. A sa x = 2, y = 3. Sama: 6 sau ¼ sau 27, ya ba da 40.5. Ƙasa: 3 sau 16 sau ⅓, ya ba da 16. A raba, 2.53125. Amsar gaskiya: 2 sau 81 bisa 64, ita ma 2.53125. Ta Hajiya: 18 bisa 64, ko ɗaya ba ta kai ba. Kar kuma a ba x da y lamba iri ɗaya, don in an musanya su ba za a gane ba.

Rahma, Makka

Anti Maman Hanan ina wuni. Ni a nan aka haife ni, a nan na yi ibtida'i da mutawassiɗ da sanawi, yanzu ina jami'ar Ummul Ƙura. Ina da magana ɗaya, ki yi haƙuri in ta yi tsauri. Kar ki mayar wa Hanan tambayoyin x da y. Ke ki yi naki da su a gefe don ki gane, amma ita ranar Lahadi س da ص za ta gani, daga dama zuwa hagu, da fawa a kafaɗar hagu ta harafin. In kika saba mata da naki kwana biyu kafin ikhtibar, za ta shiga aji da kai biyu. Mamana ta yi min haka a aji biyu, na zo ɗebe fawa na karanta daga hagu, abin da ya kamata ya zama 5 − 2 ya koma min 2 − 5. Na samu salib uku inda ake son mujab uku, duk amsar ta kife.

Kuma ki riƙe kalmomin da abla ke amfani da su don ku yi magana ɗaya. Fawa ita ce us, jam'inta usus. Harafi ko lambar da fawar ke kai shi ne asas. Mai mainos salib, mara shi mujab. Na saman layi basɗ, na ƙasa maƙam. Juyawar da Ustaz ke faɗa ita ce maƙlub, baka kuma ƙaus. In an rubuta "bassiɗ", ana nufin a sauƙaƙa, kuma ba a gama ba sai babu us salib ko ɗaya a amsar, kowane harafi ya fito sau ɗaya, ba sauran baka. Ko lissafinta daidai ne, in ta bar س da salib a sama, ana iya rage mata maki. Babin yana ƙarƙashin ƙismat wahidatil hadd, in kin nemi wannan sunan a darussan tashar Ain za ki ga malami yana yi a allo yadda ake yi musu a aji.

Sai abu na ƙarshe wanda ba wanda ya gaya min sai da na sha wuya. A ƙananan lambobin nan na sama, ٢ da ٣ haƙori ɗaya ne ya raba su, in takardar hoto ce aka buga, sai an sa ido sosai. Sifili kuma ɗigo ne kawai. Us sifir a saman harafi kamar ƙura yake, na taɓa ƙoƙarin hure shi daga takarda. Kuma duk abin da ɗigon nan ya hau kansa ya zama 1, in dai ba sifili ba ne shi kansa.

Maman Hanan, Makka

Rahma Allah ya yi miki albarka, ba tsauri ko kaɗan. Wallahi jiya da ina yi tana cewa "Mama wannan basɗ ne", ni ina ce mata ta yi min shiru ina tunani. Ashe ita ke kan hanya.

Maman Sudais, Jidda

Hajiya ni shawarata daban. Ki daina yi mata wajib, ko kin iya ko ba ki iya ba. Da ita ta yi ta faɗi ukun nan, da yanzu ta san ramukanta. Yanzu ramukanki aka gano, nata suna nan a rufe, Lahadi kuma ita za ta zauna. Ki ba ta takarda fara ta sake yin biyar ɗin ita kaɗai, ke ki zauna gefe da bayanin Ustaz a waya, sai ta tsaya ki sa baki.

In ta ce me za ta yi da wannan a rayuwa, ki ce ta tambaye ni. Ni nas ce. Miligiram 10⁻³ ne na giram, maikrogiram 10⁻⁶. Tsakaninsu ninki dubu ne. Ƙwayar farasitamol mai miligiram 500 rabin giram ce, 500 sau 10⁻³. Wanda ya rikita −3 da −6 a kan magani ba jan biro zai samu ba.

Abu Nawwaf, Makka

Hajiya ki huta da wahala, akwai malami khususi da na sani yana zuwa gida, kuɗinsa da sauƙi. Yi min magana ta gefe.

Mai kula da zaure

Abu Nawwaf, ba talla ranar Alhamis, ka san doka. Hajiya ma ta samu malamai huɗu kyauta.

Malam Ɗanjuma, Madina

Ina ta karatu ina jin daɗi. Ni ba ɗan lissafi ba ne, Larabci nake karanta, amma tsanin da Ustaz ya jera ya tuna min wani abu da Hanan za ta so ji. Kalmar aljabra daga al-jabr take, daga aikin al-Khwarizmi a Bagadaza wajen shekara ta 820. Su ba su da x, kalmomi suke amfani da su: abin da ba a sani ba shai'i, in an ninka shi da kansa mal, sau uku ka'ab. A ƙarni na 12 wani mai suna as-Samaw'al, shi ma a Bagadaza ya tashi, yana ɗan shekara 19 ya zana jadawali: ɗaya a tsakiya da sifili a kansa, gefe guda shai'i, mal, ka'ab suna tafiya, ɗaya gefen juz'u shai'i, juz'u mal, juz'u ka'ab. Juz'u ɗin nan da muka sani a Alƙur'ani, yanki. Wato 1 bisa x, 1 bisa x², 1 bisa x³. In zai ninka biyu sai ya ƙirga matakai daga ɗayansu, zuwa wannan gefe ko wancan. Tsanin Ustaz ke nan a kwance. Rubutun da mainos a sama daga baya ya yaɗu a Turai, Newton ya yi amfani da shi a wata wasiƙa a 1676. Ni sunan juz'u ya fi kwanta min, don duk wanda ya ji "yanki" ba zai kawo bashi a ransa ba.

Ustaz Abu Usama, Madina

Malam Ɗanjuma ka biya ni. Hajiya ga guda ɗaya ki ba ta gobe bayan ta sake na abla, ki rubuta mata da س da ص kamar yadda Rahma ta ce: a buɗe baka, 3x⁻²y bisa 6xy⁻³, a rufe baka, fawa −2. Duk ramukan daren nan suna ciki. Kar ku turo min amsa sai kowa ta yi nata.

Maman Hanan, Makka

Jama'a barkanmu da Juma'a. Ga labari. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma na ajiye mata fara takarda, na ce Hanan shekaranjiya ni na ɓata miki, yau ke za ki koya min. Ta ɗan harare ni, sannan ta zauna. Tsanin biyu ɗin nan ban kai 2¹ ba ta karɓe biron, ta gangara har 2⁻⁵ ta rubuta ɗaya bisa talatin da biyu. Wajib ɗin ta sake shi, huɗu daidai. Guda ɗaya ta sauke lamba tare da harafi, irin nawa sak, na ce mata hular a kan wa take, ta yi dariya ta gyara.

Amma mun yi gardama a kan wata da ta gani a ƙarshen shafi: x⁻¹ + y⁻¹. Ni na ce tunda dukansu masu mainos ne, su sauka tare, 1 bisa x + y. Ita ta ce jikinta bai ba ta ba amma ta kasa faɗin dalili. Ustaz raba mana.

Ustaz Abu Usama, Madina

Jikinta ya yi gaskiya. Tsallake layin nan na waɗanda ninkawa ta haɗa ne kawai. Da alamar tarawa ko ɗebewa ta shiga tsakani, kowa sai ya juya shi kaɗai: 1 bisa x, a tara da 1 bisa y. Gwada da lamba. x = 2, y = 4. Rabi da kwata, uku bisa huɗu ke nan. Naki ya ba da 1 bisa 6. In ana son su a layi ɗaya sai a nemo musu maƙam ɗaya, amsar ta zama (x + y) bisa xy: 6 bisa 8, uku bisa huɗun dai. Laifina ne, jiya da na ce duk mai mainos ya tsallake ban sa wannan sharaɗin ba.

Tunda an zo nan, ki nuna mata waɗannan ma, suna son fitowa a zaɓi-ɗaya. (−2)⁻² ɗaya bisa huɗu ne, mujab, don bakan ya haɗa mainos ɗin da biyun, an ninka shi sau biyu ya mutu. −2⁻² ba baka, mainos ɗin gaba yana waje yana jira, amsar −¼. (−2)⁻³ kuwa −⅛ ne, kuma mainos ɗin nan daga asas ya zo, sau uku aka ninka shi, na fawar ba ruwansa. Sai (⅔)⁻²: a kifa shi ya zama 3 bisa 2, a ninka, 9 bisa 4. Ina amsar tawa ta jiya?

Maman Hanan, Makka

Ga su. Ta Hanan: 4x⁶ bisa y⁸. Tawa: x⁶ bisa 4y⁸. Ita ta gyara cikin bakan tukuna, ta samu y⁴ bisa 2x³, ta kifa, ta ninka. Ni na raba −2 ɗin wa kowa.

Ustaz Abu Usama, Madina

Ta Hanan ce daidai. Hanyarki ma ba laifi Hajiya, 3 bisa 6 ɗin ne rabi, kuma (½)⁻² huɗu ne. Kin juya haruffan kin bar lambar ba ki juya ta ba.

Baban Khalil, Jidda

Ni ma irin ta Hajiya na samu, na dai yi shiru ne.

Maman Hanan, Makka

Ta riga ta gani kafin ka turo Ustaz, ta sa 2 da 3 a hasiba, wato kalkuleta, ta nuna min. Yanzu haka ta ɗauko jan biron babanta ta zagaye min huɗun, ta rubuta "maƙlub" a gefe da rubutun abla. Ta ce in tambayi Anti Rahma ko ana barin su shiga da hasiba, kuma ko za ki turo mata irin waɗannan guda biyar da Larabci ta yi gobe Asabar.

Rahma, Makka

Maganar hasiba ta tambayi ablarta a Madrasati, dandalin makarantu na intanet, tun yau, kar ta dogara da yadda aka yi mana. Guda biyar ɗin zan rubuta da hannu in ɗauki hoto bayan isha'i. Ɗaya a ciki da us sifir, ki ce kar ta hure shi.